Adaidaita sahu ko mashin ɗin kanka? Amsa ga mai komawa Rijiyar Zaki bayan tashi aiki

Wani ɗan'uwa ya kawo tambaya. Ya samu aiki a wani ofis kusa da Sakatariyar Audu Bako a Kano, gidansa yana Rijiyar Zaki, yana tashi ƙarfe huɗu, wani lokaci biyar. Kuɗin adaidaita sahu ya fara taɓa albashi, kuma yana da ɗan abin da zai sayi mashin na hannu. Ya ci gaba da hawa sahu, ko ya saya?

Malam, ga mai hanya irin taka mashin ya fi sauƙin kuɗi, ya fi sauri. Sai dai akwai abin da lissafin takarda ba ya nunawa. A cikin sahu kai ɗan kallo ne, wasu ke ba ka dariya har ka isa gida. Ranar da ka hau mashin kuwa, kai za a riƙa kallo. Bari mu bi ranar aiki tun daga safe, mu ga yadda kowanne yake.

Hanyar taka miƙaƙƙiya ce: daga Ƙofar Nasarawa ka kama titin BUK, ka wuce Ɗan Agundi, Na'isa, Gadon Ƙaya, Ƙofar Famfo, ka faɗa Kabuga, sannan ka miƙe titin Gwarzo. Da a ce shekarun baya ne, da ɗan acaɓa ya raba gardama, amma tun watan Janairun 2013 aka hana acaɓa a Kano, bayan harin da aka kai wa ayarin marigayi Sarki Ado Bayero. Sahun da gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta shigo da shi domin ɗaukar mata shi ya gaje titi, motocin Hayis kuma suka ja baya a cikin gari. Shi ya sa zaɓin ya rage biyu.

Da safe

Ɗan sahu ba ya tsayawa sai ya auna ka. Zai rage gudu, ya leƙo da kai, ya ce "Ina zuwa?" Idan inda ka faɗa bai yi masa ba, ko amsa ba zai ba ka ba, sai dai ka ga bayansa. Idan kuwa ya ga shadda ta sha guga, ga jakar kwamfuta a kafaɗa, tambayar takan koma "Shata ne, Alhaji?" Alhajin nan kuɗi ne, kada ya yi maka daɗi. Ka ambaci mahaɗa, kada ka ambaci ofis. Wanda ya ce Ƙofar Nasarawa talaka ne mai sammako, wanda ya ce Sakatariya ma'aikaci ne mai albashi, kuma kuɗinsu kan bambanta. A yi ciniki ƙafarka tana ƙasa. Idan mai zuwa kai tsaye ya yi wuya, ka yanka tafiyar biyu a Kabuga, don nan abin hawa ba ya yankewa.

Wurin zama ma ilimi ne. Baya mutum uku ne. Na tsakiya ya tsira daga ƙura da ruwa, amma duk mai sauka sai ya taka shi, kuma idan ya faɗa tsakanin masu jiki biyu, gugar da aka yi daren jiya ta tashi a banza. Na gefe yana shan iska, yana shan hayaƙi. Gaba kuwa, kusa da direba, rabin mazauni ake ba ka, ƙafa ɗaya a waje, kuma duk kwanar da za a sha sai gwiwar hannun direba ta gaisa da haƙarƙarinka. Da mace ta tsayar da sahun, sau da yawa namijin da ya fi ƙuruciya shi ake kallo, ba tare da kowa ya ce uffan ba, har ya gane ya koma gaba.

Mai mashin ba shi da wannan jiran, amma safiyarsa ba tasa ba ce shi kaɗai. Mako guda da saye, maƙwabta sun san lokacin fitarsa. Zai buɗe ƙofa ya tarar da yaro sanye da kayan makaranta, riƙe da kwandon abinci, an ce masa ya jira Baba ya rage masa hanya. A lokacin sanyi kuma inji kan yi gardama. Ka ja cok, wato abin da ke rage wa inji iska don ya tashi da sanyi, ka buga kik biyu ko uku, ka bar shi ya yi minti ɗaya ko biyu yana numfashi, sannan ka mayar da cok ɗin. Wanda ya manta bai mayar ba zai ga mai yana zurarewa, fulogi ya yi baƙi, mashin yana shaƙewa a tsakiyar titi.

Sai maganar tufafi. Babbar riga da sarƙar mashin ba sa zama inuwa ɗaya, ko doguwar jamfa ma sai ka tattare ta ka zauna a kai. Hula kuwa, duk mai bin titin BUK da safe ya taɓa ganin wannan: mutum ya murza wuta, iska ta ɗauke zanna bukar ɗinsa, ta mirgina tsakiyar kwalta, shi ya tsaya gefe yana ɗaga wa motoci hannu, sahun da ke bayansa kuma ya bi ta kanta hankali kwance. Hula ta shiga jaka, hular kwano ta hau kai, sai ka isa bakin ofis a yi musanya. Da hunturu ka ƙara da takunkumi da tabarau da rigar sama da za ka cire. In ba haka ba za ka shiga ofis gira da gemu sun yi fari fat, abokan aiki su miƙe suna "Sannu da zuwa, Baba."

Cikin ofis

A gaban rajistar sa hannu, mai sahu yana da uzurin da ba ya tsufa: gosulo. Oga ma ya san da shi, don shi ma a ciki ya taho. Mai mashin ya rasa wannan gata har abada. In ya makara ya ce cunkoso, sai a tambaye shi ta ina cunkoson ya tare mashin.

Abin da ya fi wannan shi ne makulli. Daga ranar da aka ga ka ajiye shi a kan tebur, ka zama motar ofis. "Ara min, nan banki zan je, yanzun nan." Yanzun nan ɗin takan kai azahar. Ya dawo ya miƙo makulli da godiya mai yawa, kai ba ka san ya murɗa makunnin mai zuwa rizab ba. Makunnin nan matsayi uku gare shi: a buɗe, a rufe, da rizab, wato ɗan ragowar da ke ƙasan tanki domin ya kai ka gidan mai. In an bar shi a rizab, babu gargaɗin da za ka samu. Mashin zai shanye har ɗigon ƙarshe ya mutu, kuma ba ya zaɓar wurin mutuwa sai hawan gada. Saboda haka duk wanda ya dawo maka da shi, ka duba makunnin, ka buɗe tanki ka girgiza ka ji. Wanda ya fi wannan sauƙi shi ne ka kafa doka tun makon farko cewa ba a aro. Za a yi gunaguni kwana uku a manta. In ka bari wata ya wuce kana bayarwa, ranar da ka hana ka zama mai rowa.

Aike ma haka. Katin wuta, hoton takardu, abincin rana na mutum biyar. Ledar miya a rataye a hannun mashin tana lilo, ka faɗa rami ɗaya, wandonka ya ci rabonsa na manja. Mai sahu yana zaune a ƙarƙashin fanka, shi ne ma ya ce a ƙaro masa yaji.

Wurin ajiya kuma sai ka zaɓi wahalar da ta fi maka. In ka bar shi a rana a watan Afrilu, ƙarfe huɗu sirdin ya zama tanda, za ka ga babban mutum ya zauna ya zabura yana salati. In ka kai shi ƙarƙashin darbejiya, tsuntsaye su sa hannu. Kwali ko tsohon buhu a kan sirdi ya magance duka biyun. Ka kulle kan mashin, ka ƙara da sarƙa da kwaɗo a tayar baya, ka karɓi kati in ana bayarwa, kuma mai gadi ya san fuskarka da ɗan alherinka.

Komawa gida

Nan ne kasuwar take ci.

Da an fara rufe tagogi, wani zai matso kusa da mai mashin ya ce, "Ta ina za ka bi?" Kada ka amsa. Ka ce, "Ina ka nufa?" Domin duk inda ka ambata, nan ne hanyarsa. Zai ce nan Ƙofar Famfo zai sauka. Kun isa, sai ya ce ɗan shiga nan kaɗan. Ka shiga, ya ce bayan masallacin can. Kafin ka farga kana tsakiyar Ɗorayi, ana kiran magariba, shi kuma yana cewa ka shigo ku gaisa da mutanen gida. Goyo yana ƙara shan mai, yana cin tayar baya, yana tsawaita birki. In ya zama dole ka riƙa ɗauka, ka sa mai faci ya ƙara wa tayar baya iska kaɗan, kuma ka faɗi wurin sauka tun kafin a hau: bakin titi, ba cikin unguwa ba. Ka kuma tuna dokar acaɓa tana nan, kada a ga kana karɓar kuɗi a hannun wanda ka goya.

A ɓangaren sahu, wasan yamma da canji yake farawa. "Ku shiga da canji" ita ce sallamar ɗan sahu, kowa kuma zai gyaɗa kai ya shiga da dubu ɗaya a aljihu. A wurin sauka sai a yi cirko-cirko. Maganin da direba ya fi so shi ne ɗaurin aure: ya miƙa wa mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba takarda ɗaya, ya ce "Ku raba," ya ja abinsa. Sai ka ga ma'aikaci da jakarsa da wani dattijo mai buhun gawayi suna tafe tare, daga mai rake zuwa mai lemo, kowa yana sa ido kada ɗayan ya ɓace. Ƙarshenta ɗaya ya sayi ruwan leda da ba ya jin ƙishinsa don a samu a rabu. Ka ware ƙananan kuɗi a aljihu daban tun da rana, wurin mai abinci ko mai shayi, kada ka zaro damin kuɗi a bakin titi.

Tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, tiransifa ta shigo sahu. Da yawa sun manna lambar asusu a bayan kujerar direba. Ta rage rigimar canji, ta kawo tata. Fasinja ya ce ya tura, direba ya ce alat bai shigo ba. Fasinja ya nuna waya, direba ya ɗaga tasa sama yana neman sabis, sauran mutum uku suna zaune suna ba da shawara, wani ya ce a kashe a kunna. In za ka tura, ka tura tun kuna Gadon Ƙaya, ka karanta wa direba sunan da ya fito ya tabbatar, kafin Kabuga magana ta mutu. Wayar kuma ka riƙe ta da hannun da ke ciki, ba na bakin ƙofa ba. Masu fizge suna son cunkoso da duhun magariba. Haka nan in ka shiga ka ga ana ta matsa ka ana cewa ka gyara zama ba dalili, hannunka ya koma kan aljihu, in abin ya ƙi ka ce akwai, ka sauka.

Amma fa hira, babu kamar ta sahu. Ga mai waya a kunne yana rantsuwa, "Wallahi ga ni a Kabuga, yanzu za ka gan ni," daidai lokacin da direba ya waiwayo ya ɗaga murya, "Na'isa akwai mai sauka?" Ga rediyo ana shirin siyasa, na dama da na hagu suka kaure da musu a kan kanka, kai na tsakiya kowa yana taɓa gwiwarka yana neman shaida. Ga direban da zai karkata gidan mai da ku a ciki ya ce minti ɗaya, ko wanda mai zai ƙare masa, ya ce ku ɗan sauka, ya kwantar da sahun gefe guda don ragowar ta gangaro, ya tayar, ku koma kamar ba a yi komai ba.

Sai kuma lokacin da direba ya hango rawayar rigar 'yan KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jihar Kano da aka kafa a 2012, alhali ya yi lodi fiye da ƙa'ida. Zai taka birki tun daga nesa, ya ce wa na gaba, "Yallaɓai, ɗan taka ka same mu can gaba." Sai ka ga mutum da takalmi sau ciki yana wuce jami'an da ƙafa, fuska a ɗaure kamar bai san kowa ba, sahun yana jiransa bayan kwana. Wannan kaɗai ya isa ya hana ka zaman gaba in kana da zaɓi.

Kada ka ɗauki taurin kan ɗan sahu da zafi. Yawancinsu ba nasu ba ne. Akwai balas da zai kai wa mai shi kullum, ga mai, ga haraji, sai abin da ya ragu ya zama na cefane. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023, kujera ɗaya da ta tafi babu kowa asara ce da yake ji a jikinsa. Shi ya sa yake tsayawa duk inda ya ga inuwar mutum.

Kuma wannan tsayawar ita ce babban haɗarin mai mashin, a nan babu wasa. Sahu yana yanke hanya ya tsaya ba sigina, don fasinja ya ɗaga yatsa. Kada ka bi bayansa kurkusa, kada ka wuce shi ta dama, ta ɓangaren da yake sauke mutane. Ka haɗa birkin gaba da na baya, kada ka damƙe na gaba shi kaɗai a kan yashi. Rabin awa kafin magariba, musamman da azumi, kowa sauri yake, ƙwarewarka ba ta hana wani ya same ka. Hular kwano ba ta 'yan gayu ba ce. In aiki ya riƙe ka har dare kuwa, mashin ne ke da rinjaye, don a watan Yulin 2022 gwamnatin jiha ta sanar da hana sahu zirga-zirga daga ƙarfe goma na dare zuwa shida na safe, ko ba doka ma ƙafa takan ɗauke, kuɗi ya hau.

Damina ta sahu ce, duk da ba kyauta ba. Hadari na haɗuwa kuɗi ke tashi. Labulen tamfol ɗin gefe yakan tare rabin ruwa, ragowar na wanda ke bakin ƙofa ne, har da wanda babbar mota za ta watso. Mai mashin kuwa sai ya fake a rumfar mai shayi tare da wasu ashirin irinsa, kowa yana kallon sama yana cewa yanzu zai ɗauke. Ka ajiye rigar ruwa da leda biyu na takalmi a ƙarƙashin sirdi ko cikin jaka. Kada ka shiga ruwan da ya kai bakin salansa, kuma ka leƙa hanyar ƙarƙashin ƙasa ta Gadon Ƙaya da ta Kabuga kafin ka gangara in an yi mai ƙarfi. In mashin ya mutu bayan ruwa, yawanci hular fulogi ce ta jiƙe: cire, goge, busa, mayar. Birki ma yakan yi sanyi in ya sha ruwa, ka riƙa ɗan taka shi a hankali har ya bushe.

Lissafin

Farashi yana motsi, don haka ka sa naka alƙaluman. Kwanakin aiki kusan 22 ne a wata. Na sahu: abin da kake biya zuwa da dawowa, sau 22, ka ƙara shata biyu ko uku na ranar makara ko ruwa, da canjin da ake bari don gajiya da jira.

Na mashin: a ƙaddara hanyarka kilomita 12 ce, zuwa da dawowa 24, a wata 528. Ƙaramin mashin mai lafiya irin Boxer ko Jincheng yakan yi kilomita 40 ko fiye da lita ɗaya a cikin gari, wato wajen lita 13. Kada ka tsaya a nan. Da rage hanya, da aiken ofis, da cefane, da zumuncin Asabar da Lahadi, ka rubuta lita 20. Ka ƙara baƙin mai kusan lita ɗaya duk wata, da faci, da fulogi, da sarƙa da sifoket da za su nemi canji in sun ci, da takardu. Sarƙar ka riƙa duba ta duk mako: ta yi wasan santimita biyu zuwa uku, in ta fi haka za ta zame, in ta ɗaure tamau za ta ci sifoket. Ko da ka haɗa duk wannan, ga mai hawa biyu zuwa, biyu dawowa, mashin yakan fito ƙasa da sahu. Bambancin da ya rage a wata, ka raba kuɗin sayen da shi, ka ga wata nawa zai mayar maka da kuɗinka. In ya haura shekara biyu, ko kuma ba ka taɓa tuƙi a cikin cunkoso ba, kada ka yi gaggawa.

In ka tashi saye na hannu, ka je da bakaniken da ka yarda da shi, ba wanda mai sayarwa ya kawo ba. Ku je da safe, ka taɓa injin ka ji da sanyi kafin a tayar, don mai wayo yakan ɗumama shi kafin ka iso. Shuɗin hayaƙi daga salansa alamar yana shan baƙin mai ne, aikin ringi yana jiranka. Ka gwada lambar inji da ta jiki da abin da ke kan rasit, harafi da harafi, a rubuta takardar ciniki da shaidu. Mashin ɗin da ba shi da rasit, ko nawa aka rage maka, bar shi.

Ko ka saya, ka bar kuɗin sahu na kwana huɗu ko biyar a kasafin wata: ranar da hadari ya haɗu tun safe, ranar da mashin ya kwana wurin gyara, da Juma'ar da za ka sa babbar riga.